Gwanayen Nakiya a Bakin Iyaka

Ranar da aka kirɓa nakiya, kowace nakiya daɗi gare ta. Tana da ɗumi, mai yana naso a jikinta, ƙamshin citta da kanumfari ya cika tsakar gida, yara sun kewaye turmi suna jiran a ba su izinin kankara. A irin wannan rana ko wadda ta fara koyo jiya sai ta sha yabo. Hukunci na gaskiya sai an kwana biyu, bayan an kai gara gidan ango, an raba wa dangi, uwar miji ta ɗebi nata rabon ta rufe a kwalla ta tura ƙarƙashin gado. Bayan wata biyu ko uku baƙuwa ta sauka daga nesa, a jawo kwallar a buɗe. In nakiyar ta fito yadda aka sa ta, babu fumfuna, babu warin mai, ba ta ƙandare ta gagari haƙori ba, a nan ne za a tambayi wadda ta yi ta, kuma sunanta zai yi yawo har ya ƙetare iyaka.

A Kamba kuwa ƙetare iyaka abu ne na kullum. Garin shi ne hedkwatar ƙaramar hukumar Dandi a jihar Kebbi. Daga nan zuwa Gaya ta Jamhuriyar Nijar tafiyar ɗan lokaci ce a mota ko a babur, daga Gaya kuma gada ce kawai a kan Kogin Kwara ta raba mutum da Malanbil ta ƙasar Benin. Garuruwan nan uku sun zauna kamar duwatsun murhu, tukunya ɗaya suke ɗauke da ita, ta ciniki da auratayya. Wanda ya gangara kudu zuwa ƙasar Bagudo, wajejen Lolo da Illo da Tsamiya, hanya za ta fitar da shi Segbana, nan ma Benin ce. Hausawa da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Fulani duk sun cuɗanya a wannan yanki, 'yar Kamba ta yi aure a Gaya, ɗan Lolo ya ɗauko mata daga ƙetaren kogi. Saboda haka garar da aka haɗa a nan matafiyiya ce. Za ta hau bayan mota cikin rana da ƙura, wani lokaci ta shiga kwale-kwale, wani lokaci ta yi zaman jira a shingen jami'ai. Dubulan yakan farfashe a hanya, alkaki yakan yi nason ruwan sukari ya manne da juna, amma nakiya in ta samu hannu nagari ba ruwanta da duk wannan.

Wanda ya zauna ya bi aikin daga wankin shinkafa har zuwa rufe kwalla zai lura da abu ɗaya: duk abin da gwanar take yi korar ruwa ne. Fumfuna ba ta tsirowa sai da danshi, don haka a kowane mataki akwai ƙofar da ruwa yake neman shigowa ta cikinta, ita kuma ta san ƙofofin duka, tana tsaye a bakinsu.

Shinkafa ce uwar tafiya, a nan kuwa Kabawa ba su roƙon kowa. Fadamun Gulbin Kebbi da na Kogin Kwara, tun daga Argungu har Suru da Bagudo, noman shinkafa a cikinsu ya girmi kakannin kakanni. Jar shinkafar nan ta gado, wadda masana suka ce a fadamun Kogin Kwara na ƙasar Mali ta yau aka fara nomanta shekaru kusan 3,000 da suka wuce, har yanzu ana samunta a wasu gonaki, ko da yake irin zamani kamar Faro 44 ya mamaye yawanci. A Birnin Kebbi ne ma aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na bai wa manoman shinkafa rance, a watan Nuwamba na 2015. Amma gwanar nakiya ba ta sayen shinkafa don sunan iri. Ɗanya take nema, ta tuwo, wadda ba a turara ba, domin turararriya ta riga ta ga wuta sau ɗaya, garinta ba ya yin laushi, yana zama tsaki-tsaki a baki. Kuma ta fi son wadda ta kwana biyu a rumbu a kan sabuwar da aka casa jiya. Za ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta gatsa da haƙorin gaba. In ta karye ƙas, ta bushe. In ta lotsa kafin ta karye, da sauran ruwa a cikinta, sai ta matsa gaba wajen wani mai awo. Manyan masu injin casa suna da na'urar auna danshi, suna neman kashi 14 cikin 100 ko ƙasa da haka kafin su ajiye shanshera a sito. Ita ba ta san lambar ba, amma da wuya ta kuskure ta.

Daga nan sai a rege shinkafar a ƙwarya don fitar da tsakuwa, a wanke ta da hanzari, a tsane a kwando, a baza a kan tabarma. Ba a jiƙa ta ta kwana yadda ake yi wa ta masa. Ana sa yarinya gadi saboda kaji da awaki, tana bi tana motsawa da yatsu don ta ƙasa ta dawo sama. Da hunturu wannan aikin 'yan awoyi ne, iska ce ke yin rabinsa. Da damina kuwa gwanaye da yawa ba su son karɓar aikin gara mai yawa, in kuma ya zama dole sai su ƙara wa suya lokaci.

A kan suya ne gidaje suka rabu biyu. Wasu suna fara niƙa shinkafar, sannan su soya garin a tukunya har ya sauya launi. Wasu kuma ƙwayar suke soyawa tukuna, sannan a kai niƙa. Masu soya gari suna cewa nasu ya fi laushi da haske, kuma gaskiyarsu ne. Sai dai gari ba shi da haƙuri a kan wuta, kafin mace ta juya ta amsa sallama na ƙasan tukunya ya ƙone. Ni dai in za a tambaye ni, ina bayan masu soya ƙwaya, domin ƙamshin nasu ya fi zurfi, kuma ya fi daɗewa a cikin nakiyar.

Ga yadda abin yake a kusa. Tukunyar ƙarfe ce mai kaurin gindi, ko babban kasko, a kan murhun da aka bari itacensa ya ci ya koma garwashi. Harshen wuta ba abokin wannan aiki ba ne. Gwanar tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ta ɗebo shinkafa kaɗan, abin da bai wuce ya rufe gindin tukunya ba, ta zuba ta fara juyawa da muciya. Da farko shinkafar tana da nauyi a hannu, tana ja da wani sauti mai kauri, kuma in mutum ya kai tafin hannunsa saman tukunyar zai ji ɗan tururi yana tashi, duk da cewa an rantse ta bushe a tabarma. Can sai sautin ya sauya, ya koma ƙaras-ƙaras, ƙwayoyin su fara tsalle suna gudu a gaban muciyar. Farin ya dushe, ya shiga ruwan ƙwai, daga nan ya nufi ruwan zuma. Ƙamshi ne ke fara ba da labari kafin ido ya gani. Ita kuwa ba ta jiran launin ya kai inda take so. Tana saukewa da saura kaɗan, ta juye a faffaɗan faranti ta baza, domin ta san zafin da ke jikin ƙwayar zai ƙarasa aikin da kansa. Sai ta sake ɗebo wani. Haka za ta yi ta yi, kaɗan-kaɗan, ko da mudu goma ne, kuma in ta baza kason farko kusa da na ƙarshe ba za ka iya rarrabe su ba. A wurina wannan daidaiton shi ne babban abin mamaki a duk aikin, domin wuta ba ta zama yadda take, garwashi yana raguwa ana ƙara itace, hannu yana gajiya, hira tana ɗauke hankali.

Suyar nan aiki uku take yi a lokaci guda. Tana fitar da ragowar danshi. Tana dafa shinkafar, domin bayan wannan garin ba zai sake hawa wuta ba, kuma nakiyar da ba ta soyu ba ɗanyen gari ake ji a cikinta, ta kuma dami ciki. Sannan tana haifar da ƙamshi, irin wanda ke fitowa a ɓawon burodi da soyayyar gyaɗa idan zafi ya haɗa sinadaran zaƙi da na gina jiki da ke cikin ƙwaya. Amma tsakanin wannan ƙamshi da ƙauri tazarar kaɗan ce ƙwarai. Kaso ɗaya in ya ƙone aka yi ƙyashin zubarwa aka haɗa da sauran, ɗacinsa zai bi kwalla gaba ɗaya, kuma babu yawan sukarin da zai rufe shi. Gwanar kirki ba ta tsayawa shawara, kaji take watsa wa.

Kayan yaji kowannensu da hanyar da ya biyo. Citta daga kudancin Kaduna take zuwa, wajejen Kachia. Masoro da kimba 'yan kurmi ne. Kanumfari kuwa ya ƙetaro teku daga ƙasashe irin su Zanzibar da Madagaska da Indonesiya. Wannan yanki ya daɗe da sanin irin waɗannan kaya, domin a ƙarni na 19 ayarin fataken goro da ke tasowa daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja suna ƙetare Kogin Kwara a Illo da Gaya, su ratsa ƙasar Bargu su nufi Salaga, ga kuma gishirin Foga da ake ɗaukowa daga kwarin da ke arewa da Gaya. A nakiya citta ce ke gaba, kanumfari na biye da ita, masoro da kimba kaɗan, barkono kuma ɗan mitsitsi, wanda ba a jin sa a harshe sai bayan an haɗiye ya ɗan taɓa maƙogwaro. Kanumfari ne mai wuce gona da iri. In ya yi yawa yana kashe baki, a rasa ɗanɗanon shinkafar da aka sha wahalar soyawa. Su ma sai an shanya su sun bushe ƙarau kafin a daka.

Wajen niƙa akwai inda ake yi wa mata ɓarna. Na san garar da aka kusa fasa kaiwa saboda mai inji ya niƙa wani abu mai wari kafin a zuba shinkafar, gari ya dawo gida yana ƙamshin abin da ba a aike shi ba. Shi ya sa gwanar ba ta aiken ƙaramin yaro. Ko ta je da kanta ko ta tura babbar 'yarta, da ɗan ƙunshin shinkafa na daban da za a fara zubawa a wanke bakin inji da shi. Gari yana fitowa daga inji da zafi, kuma in aka ɗaure shi a leda a haka zai yi gumi, ruwan da aka kora da safe ya dawo da yamma. Sai an baza shi ya huce, a tankaɗe da rariya mai laushi, a mayar da tsakin turmi a daka, a sake tankaɗewa.

In ana neman abin kwatanta nakiya da shi, Turawan Ingila suna da wani abin zaƙi na gida da suke ce wa kirambul, wanda shi ma gari da mai da sukari ne jigonsa. Ya yaɗu a gidajensu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan da gwamnatinsu ta fara rabon sukari da bota da awo a watan Janairu na 1940, kayan yin manyan gashe-gashe suka yi ƙaranci. Ana yanyanka tuffa mai tsami a jera a kwanon gashi, a murza fulawa da bota mai sanyi da kan yatsu har ta zama tsaki-tsaki, a gauraya da sukari, a barbaɗa a kan tuffar, a gasa har saman ya yi ja ya yi ƙaras, ƙasan kuma ya narke. Shi ma yana da tasa gwanintar, musamman wajen murzawa, don in hannu ya daɗe botar ta narke sai abin ya cure. Tuffa ba ta yi a zafin Kebbi, tana son ƙasa mai sanyin hunturu, wadda ake gani a farantin 'yan talla daga waje ake shigo da ita, galibi Afirka ta Kudu. Amma babban bambancin yana wajen ruwa. Daɗin kirambul a ruwan tuffar yake, don haka da zafinsa ake ci, kwana ɗaya saman ya yi laushi, kwana kaɗan ko a firiji ya tashi daga aiki. An yi shi ne don teburin dare ɗaya. Nakiya kuwa tun farko don ajiya da tafiya aka shirya ta, a ƙasar da ko yau ba kowane gida ne ke da wutar da za ta riƙe firiji ba.

Dahuwar sukari ita ce inda ake sanin manya. Ruwa kaɗan ake zubawa, abin da zai narkar da sukarin kawai, sai a tace ruwan tsamiya a ƙara, ko a matsa lemun tsami. Kowace gwana da awonta, kuma ba ta cika faɗa wa kowa ba. Tsamin nan ba don ɗanɗano kaɗai ake sa shi ba. Idan sukari ya tafasa tare da abu mai tsami, wani kasonsa yana rabewa zuwa sukari iri biyu waɗanda ba su saurin komawa ƙwaya. In babu shi, bayan sati ɗaya ko biyu nakiyar za ta fara yin yashi-yashi a baki, sukarin ya fito fari-fari a jikinta, ta rinƙa marmashewa. In kuma tsamin ya yi yawa, ba za ta taɓa kamawa sosai ba, sai ta yi ta danƙo tana jawo danshin iska.

Ruwa yana tafasa ne a ma'aunin zafi 100, amma ruwan sukari yana ta hawa sama da haka gwargwadon yadda ruwan cikinsa ke ƙonewa. Masu kamfanin alewa suna tsoma ma'auni a ciki, kuma matakin da ɗigon sukari ke dunƙulewa da laushi yana tsakanin 112 da 116. Tazarar da ke tsakanin daidai da ɓaci ba ta wuce wannan ba. Gwanar tana karanta ta ne a kumfa. Da farko ƙanana ne, masu sauri da ƙara. Da tafiya ta yi nisa sai su zama manya, su rinƙa tashi a hankali suna fashewa da ƙyar. A lokacin ne take daina hira. Ta jawo ƙoƙon ruwan sanyi kusa, ta tsoma ludayi ta ɗiga a ciki. In ɗigon ya watse ya bi ruwa, da saura. In ya zauna a ƙasa har ta iya tattaro shi da yatsu ya dunƙule yana lotsawa, ya yi. In ya yi ƙara a gindin ƙoƙo, an wuce wurin, nakiyar da za a yi da shi sai da guduma. Wasu ba su ma bukatar ƙoƙon, suna shafo bayan ludayi su bari ya ɗan huce, su matsa tsakanin babban yatsa da manuni su buɗe, su ga irin zaren da ya ja. Wadda ta ji tsoro ta sauke da wuri ta bar ruwa a ciki, kuma ita ce za a buɗe kwallarta bayan wata guda a tarar da fumfuna.

Kafin sukarin buhu ya wadata, da zuma ake yi, kuma har yau gidan da ke son nuna bajinta yana haɗawa da ita. Zuma mai kyau ruwan cikinta bai cika wuce kashi 18 cikin 100 ba, don haka ba ta bukatar doguwar dahuwa, kuma ƙamshinta daban ne. Matsalar ita ce tsada, da kuma masu algus da ke dafa sukari su sayar da sunan zumar amya. Wasu kan sa mazarƙwaila, wadda ke ba da launi mai duhu da ɗanɗanon rake, amma dole a narka ta a tace saboda yashi.

Saura man shanu, kuma nan ma ruwa yana laɓe. Wanda Fulani ke kawowa kasuwa a ƙwarya ɗanye ne, da ragowar nono da ruwa a cikinsa, in aka zuba shi haka nakiyar ba za ta yi wata guda ba ta fara wari. Sai an ɗora shi a wuta kaɗan ya narke, ya yi ta tartsatsi yana kumfa. Tartsatsin nan ruwa ne ke fita. Idan ya yi shiru, man ya washe ana ganin gindin tukunya, dusar nonon ta kwanta a ƙasa ta yi ja, sai a sauke a tace. Na zubawa a tuwo da albasa ake soya shi, amma na nakiya ko kusa ba a kai masa albasa, in za a sa wani abu to ƙwayar kanumfari ce biyu ko uku. Masu ƙaramin ƙarfi suna yi da man gyaɗa ko su haɗa biyun, kuma yana yi, sai dai wanda ya saba zai gane tun daga ƙamshi.

Kirɓi ba ya jira. Turmi wankakke ne da aka kifa a rana tun jiya, an shafe cikinsa da mai. Ana zuba gari, a kwarara ruwan sukarin da zafinsa, a juya da muciya ya haɗu, sai 'yan mata biyu ko uku su kama taɓare. A nan ne ake korar ƙananan yara nesa, domin tafasasshen sukari in ya zuba a fata mannewa yake yi. Ba irin lugude na surfe ba ne mai sauƙi da tafi, taɓarya tana nutsewa tana kamawa, sai an fizgo ta. Gwanar ba ta riƙe taɓarya. Tana tsugune gefen turmi da kwanon mai, tsakanin bugu da bugu ta kai hannu ta juyo na gefe zuwa tsakiya, ta janye kafin taɓarya ta sauko, ba ta ko kallon masu dakan.

"Gwaggo, in ƙaro mai?" in ji wata daga cikinsu, tana haki.

"Dakata tukuna, ɗiyata. Mi kinka ji taɓarya na hwaɗi?"

"Ni ban ji komi ba."

"To ba ta kama ba. Ku ci gaba."

Abin da take saurare shi ne sauyin sauti. Da farko bugun busasshe ne, gari yana tashi. Daga baya ya koma mai nauyi, taɓarya tana fitowa da ɗan tsotso. A lokacin ne ake ƙara mai, cokali-cokali, domin in aka zuba da yawa tun farko garin zai sha mai ya ƙi shan sukari, nakiyar ta yi ta wargajewa. Idan ta haɗe ta zama dunƙule guda tana barin jikin turmi da kanta, gwanar ta gutsuro kaɗan ta mulmula a tafin hannu, ta danna da babban yatsa. In gefen ya tsage, a ci gaba da kirɓi. In ya lotsa sumul, tafin hannunta ya yi sheƙi ba tare da wani abu ya manne ba, an gama wannan turmin, a kwashe a zuba na gaba kafin sukari ya huce.

Wajen curawa da mai ake shafa hannu, ba a yarda wadda ta taɓa ruwa ta matso ba sai ta goge hannunta sarai. Ana jera curin a faranti a bar shi ya huce gaba ɗaya, wani lokaci ya kwana, an rufa masa ƙyalle mai tsabta. Wadda ta yi gaggawar rufe kwalla da sauran ɗumi, da safe za ta ga raɓa a cikin murfin, kuma raɓar nan a kan nakiyar za ta ɗiga. Bayan an shirya a kwalla ko fanteka, ko bokitin roba irin na yanzu, sai a yayyafa soyayyen mai a sama ya tare iska. Ko bayan an kai gidan ango doka ɗaya ce, duk mai ɗiba da busasshen hannu za ta ɗiba, ta mayar da murfi. Ba a cin ta da yawa, ɗan gutsure ne da shayi ko ruwan sanyi ya riƙe mutum, shi ya sa take shiga kayan mai jego da akwatin 'yan makarantar kwana.

Shekarun nan sun matsa wa sana'ar. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ta Kamba ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Kayan masarufi sun yi tsada, kai gara ƙetare ya zama sai an yi dabara. Malamai kuma sun daɗe suna wa'azi a kan nauyin da gara ke ɗora wa iyayen amarya, kuma wanda ya ga uban da ya sayar da shanshera tun ba ta bushe ba don ya fita kunya ba zai ce sun yi ƙarya ba. Gidaje da yawa sun rage yawa, abin da ba laifi ba ne. Wanda ke ba ni haushi shi ne rage inganci don a cika ido, a ƙi soya shinkafa sosai don kada ta rage auki, a sauke sukari da ruwa-ruwa don ya yi yawa, a tara bokitai biyar da za su lalace kafin amarya ta gama kwanakin ɗaki. Gwanayen da suka san darajar sunansu ba su karɓar irin wannan aiki. Suna faɗa wa uwar amarya abin da kuɗinta zai iya yi, ko da naira ta zo ko da sefa, in kwalla ɗaya ce to ɗaya.

Yawancinsu dattijai ne, wasu zawarawa da mazajensu suka rasu, kuma da wannan aiki suke riƙe da marayu. Yanzu 'ya'yansu na karɓar oda ta WhatsApp, a turo kuɗi ta waya, a ba direban mota saƙo. Koyon dai bai sauya ba, kuma a jere yake. Yarinya tana farawa da gadin shanya da tsintar tsakuwa, ta koma tankaɗe, in ƙarfinta ya kawo a ba ta taɓarya. Sai ta yi shekaru a nan kafin a miƙa mata muciyar suya, shi ma gwaggonta na zaune a gefe tana cewa sauke. Tukunyar sukari ce ta ƙarshe, kuma ba a fara ba ta ita a aikin garar mutane. Ana jiran ƙaramar nakiyar gida, irin ta Sallah, a auna mata sukari kaɗan a ajiye mata ƙoƙon ruwa, a tashi a ba ta wuri. In ya ƙandare, yaran gida sun samu alewa, a sake auno wani.